Farar Rumfa a Jirgin Baba

A garinmu ba a yi wa jirgi rumfa. Ƙauye ne a bakin gulbin Bunsuru, a ƙasar Shinkafi, kuma da damina ruwa yakan raba mu da hanyar mota, sai an shiga kwale-kwale. Amarya, mai ciki, buhun gero, akuya, kowa rana yake sha har ya haye. Mutum ɗaya tak ake yi wa inuwa, shi ne wanda ya rasu a asibiti. Shi ake kafa wa sanduna a gefen jirgi, a ɗaura farin ƙyalle a sama don kada rana ta dake shi. In aka hango fari a kan ruwa ba a jiran a ji daga bakin kowa, maza diga da shebur suke ɗauka su nufi maƙabarta.

Saboda wannan farin Innata ta tsani asibiti. Mahaifiyarta a ƙarƙashinsa ta dawo mata, ƙaninta ma haka. Ita a wurinta duk wanda ya haye gulbi don neman magani, to ya tafi ke nan.

Babana masunci ne, kuma yanar ido ta riƙa rufe masa gani a hankali, har ta kai yana watsa birginsa, wato ragar nan da ake jefawa daga tsaye, a kan kututture yana zaton ruwa ne. Ya dawo da raga a yage, ya ce kada ne. Yayana, wanda kawunmu ya ɗauka tun yana ƙarami ya koyi walda a Kaura Namoda, ya zo ya ce sai an kai shi an yi masa aikin ido. Inna ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa.

"Ku bar mini shi da makantarshi," in ji ta. "Makaho ma ai shina cin tuwo."

Baba ya ce, "In ban ga ruwa ba, mi za a sa ma tuwon?" Ya tsallake ƙafarta ya fita. A jirginsa suka haye, suka ɗaure shi a wancan gefen, suka nemi mota.

Shekarar da aka rufe layukan waya a jiharmu ce. Na taho daga gidan mijina a Zurmi don in taya Inna zama, kuma babu ta yadda za mu ji ko an yi aikin ko ba a yi ba. Kullum sai ta tattara kayan da ba su yi datti ba ta ce za ta wanki. Zanen Baba ɗaya sai da ya koɗe don wanki. Ni kuwa, da yake bakina ba ya shiru, nakan ce, "Inna, wanga zane ya tuba." Ba ta ko kallona, idonta na ƙetare.

Wata rana bayan azahar muna bakin ruwa, na ji sabulu ya suɓuce mata. Na ɗaga kai. Jirgi ne ya taso daga can, da farar rumfa a kansa, fari fat, har yana ɗaukar ido. Na gane jirgin tun daga nesa, don babu mai facin gwangwani a hanci sai na Baba. Yayana ne a baya yana tuƙi. Ban da shi babu kan kowa.

Na durƙushe cikin taɓo. Inna ba ta yi ihu nan take ba. Ta dai ce, a hankali, "Na hwaɗa musu." Sannan ta ɗora hannu a ka ta saki wani irin kuka da ban taɓa jin irinsa daga bakin mutum ba, kuma ba na fatan in sake ji. Kafin jirgin ya kai tsakiyar gulbi gari ya zubo. Mata na salati, wasu samari sun riga sun wuce maƙabarta da diga, an aika a taso liman, wata gwaggona har ta aza tukunyar ruwan wanka. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne Yaya. Yana ganin taron sai ya ɗaga filafili sama yana washe haƙora. Na ce a raina, shi ke nan, mutuwar ta taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Jirgi ya daki yashi. Dattawa suka matso da tabarma za su ɗauki gawa. Sai gawa ta yi tari, ta tashi zaune, da baƙin tabarau a fuska.

"Wa yar rasu?" in ji Baba.

Wallahi na ga dattijon da yake rarrafe zuwa masallaci ya tsallake kwando. Tabarma ta faɗa ruwa. Mata suka watse, wata ta bar goyonta a hannun wata. Ni kam ban iya gudu ba, bakina a buɗe, ina kallon ubana yana neman takalminsa.

Ashe likita ne ya ce kada hasken rana ya riƙa dukan idon, balle ƙyallin ruwa. Yaya ya san Baba ba zai bar gulbi ba ko za a ɗaure shi, sai ya lanƙwasa siraran ƙarafa ya yi masa rumfa irin ta keke mai ƙafa uku. Ubangidansa a wurin walda, wani mutumin Binuwai mai kirki, ya ba shi ragowar farin tamfol na rumfar biki, ya ce fari ya fi korar zafi. Suka ɗoro ta a kan mota. An rufe kasuwanni a lokacin, mashigin babu kowa, balle a sami mai cewa kai, tsaya. Baba kuwa mota ta jijjiga shi, idonsa a rufe aka shigar da shi, ya miƙe a cikin jirgi ya kama barci abinsa.

Ya fito ya tsaya a kan yashi. An hana shi cire tabarau, amma ya ɗaga shi kaɗan. Inna ce a gabansa, ɗankwali ya faɗi, fuska duk hawaye da taɓo. Shekaru rabonsa da ya ga fuskar nan sosai. Ya daɗe yana kallonta.

"Ashe haka kinka tsuhwa?" ya ce.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta juya wajen Yaya, wanda sai lokacin ya gane abin da ya yi, ta ce, "Kai ɗana ne, shi ya sa ba ni yi maka baki. Cire wagga tsiya."

A ranar aka kwance tamfol ɗin, amma ƙarafan ta ce a bar su, tun da likita ya ce rana. Ta fiddo tsofaffin zannuwanta na atamfa, masu ja da ruwan ɗorawa, ta haɗa su da allura ta ɗaura a kai. Yaya ya yanke rumfar ta koma rabin jirgi, don Baba ya sami wurin tsayawa ya watsa birgi. Haka ya ci gaba da kamun kifi, kuma tun daga nesa kowa ya san jirginsa. Abokan wasansa suka samu abin yi. In ya wuce sai su ce, "Ya mutanen lahira? Sun ce yaushe za mu taho?" Shi kuma ya ce an ce a gaya musu babu wurin marowata. Ramin da samari suka fara haƙa kuwa, sai da aka mayar da ƙasa.

Da daminar bara ciwon ƙirji ya kama shi. Wannan karon Inna ba ta tare ƙofa ba. Da kanta ta gyara ɗaurin atamfar, ta ce a bi da shi a hankali. Ni da Yaya muka kai shi asibiti a Shinkafi, kuma a can Allah ya karɓi abinsa da hantsi, kansa a kan cinyata.

Waya tana aiki yanzu, Yaya ya kira liman tun kafin mu taso. A mashigi dattawa suka kwance zannuwan Inna suka miƙo mini, suka ɗaura farin ƙyalle a kan ƙarafan nan dai na Yaya. Ina zaune a gefen Baba na rungume atamfar, ina jiran in ji kukan nan na Inna ya tsallako ruwa.

Ban ji komai ba. Gari ya taru, maza sun sunkuyar da kai, mata na share hawaye. Inna na tsaye a gaba, ƙafafunta cikin ruwa, ta ɗaura ɗankwalinta tsaf, da ƙwaryar kunu a hannu. Daga baya gwaggona ta ce sun gaya wa Inna rasuwar, liman ma ya zo da kansa, ta ce musu, "An taɓa hwaɗa mini haka."

Jirgi ya daki yashi. Babu wanda ya iya matsowa da tabarma. Inna ta tako, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta sunkuya ƙarƙashin farin, ta ajiye ƙwaryar a kusa da kansa.

"Malam," ta ce, "tashi haka nan, an iso. Kunun na hucewa."