Dawar da ta yi rawa a kicin ɗin Malama Saratu

Shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar Malama Saratu, kuma har yau ba na jiƙa kanwa ba ta faɗo mini a rai ba. Maƙwabciyata ce a unguwar Gwange, cikin Maiduguri, a shekarun tamanin. Katanga ɗaya ta raba mu, ita ma guntuwa, in na yi ɗage ina hango tukunyarta. 'Yar kudancin Borno ce, Kirista, tana koyarwa a firamare, mijinta akawu. Mu kuwa makiyaya ne da fari ya koro cikin gari, maigidana da mahaifinsa suka koma dillancin shanu. Ita ta fara miƙo mini miyar karkashi ta saman katanga, ni kuma na mayar da kwanon da man shanu a ciki. Muka shekara huɗu ba wanda ya ji kanmu, sai da bakina ya ja.

Duk ranar Asabar da hantsi takan tara yaran layinmu a kicin ɗinta. Makarantarsu ba ta da kayan gwaji, ita kuma ta ce ba ta ga abin da zai hana yaro sanin duniya ba alhali akwai gishiri da ƙwai da ruwa a gidan uwarsa. Ni dai daɗi nake ji, don 'yata Kaltume, mai shekara bakwai a lokacin, in tana gida ba ta zama wuri ɗaya. Wata Asabar sai ga ta da gudu, takalmi ɗaya a hannu. "Iya, Malama ta sa dawa ta yi rawa a ruwa! Ta ce mata tashi, ta tashi. Ta ce mata koma, ta koma!"

A rugar da na tashi, in saniya ta ɓata akwai tsohuwar da ake zuwa wurinta. Takan watsa hatsi a ƙwaryar ruwa, ta yi ta magana ƙasa-ƙasa, sannan ta nuna inda za a bi. Saboda haka a wurina hatsi da ruwa da magana in sun haɗu sunansu ɗaya. Ban leƙa katanga na tambaya ba, ga ta nan kuwa a gindina. Washegari a bakin famfo, mata sun kai goma a layi, na buɗe baki na ce Malamar nan tsafi take yi wa yaranmu.

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo ba yaron da ke taka ƙofarta. Iyaye biyu suka je wurin hedimasta suna neman a cire 'ya'yansu daga ajinta, mai gidan da suke haya kuma ya aika wa mijinta cewa su fara neman wani wuri. Mace baƙuwa a unguwa, wadda addininta daban, ba ta da abin da ya wuce sunanta, ni kuma na jefa shi a kwata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta fasa gaishe ni ba. Kullum da safe sai na ji, "Maman Kaltume, an kwana lafiya?" ni kuwa in ƙara wa taɓarya ƙarfi kamar ban ji ba.

Surukina, Abba Jidda, shi ya raba gardama. Tsoho ne mai taurin kai, wanda ya ce bai taɓa sayen saniya bai buɗe bakinta ba, don haka ba zai sayi wannan maganar a rufe ba. Ya sa aka roƙi Malama ta zo zaurenmu da kayan rawar. Ta zo da kwalba mai faɗin baki kawai, wankakkiya. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, kanwar ta zama ta gidanku, dawar ma ta gidanku. Maman Kaltume ta yi da hannunta. Ni zan faɗi yadda ake yi, daga nan ba za ku sake jin bakina ba."

Haka aka yi. Na ɗauko ruwan kanwar da na jiƙa don miya, wadda na sayo a Kasuwar Kwastam, na tsiyaye garai ɗin a kwalba. Na zuba dawa kaɗan, ta nutse ta kwanta. Na matse lemon tsami huɗu a kai. Ruwa ya yi shuu, kumfa ta taso ta lafa. Can sai ƙwaya ɗaya ta motsa, ta ɗago a hankali har sama, ta juya, ta komo ƙasa. Wata ta bi ta, wata ta bi ta. Malama na gefe, ta rufe bakinta da tafin hannu, ba wanda ya ce wa dawa uffan.

Abba Jidda ya kai fuskarsa dab da kwalbar har gemunsa na taɓa ta. Ya daɗe a haka, sai ya fashe da dariyar da ban taɓa jin ya yi ba. "Gora ne, ya bitti, 'yata! Wallahi gora ne! Zo ki gani." Na sunkuya, sai na ga kowace ƙwaya ta sha ado da 'yan ƙananan kumfa a jikinta. Ya ce haka suke haye kogi da damina in ruwa ya cika: mata da yara kowa ya rungumi babban gora, iskar da ke ciki ta riƙe shi a sama. Dawa ta sami gorunanta ta taso, da ta kai sama suka fashe, ta nutse, ta tara wasu. Sai a lokacin Malama ta sauke hannunta ta ce, "Baba ya gama darasin. Wannan shi ne sayans ɗin duka."

Tsohon bai bar labarin ya huce ba. Ya ba da shi a kasuwar shanu, ya ba da shi a ƙofar masallaci, yana ƙara masa gishiri kullum, har dawar ta koma tsalle tana fita daga kwalba. Yara suka koma kicin, maganar tashi daga gida ta mutu, mata suka ce kanwa ta kar tsami. Ni kuma na cika kwano da man shanu na miƙa ta katanga, ta karɓa ta yi godiya, na ɗauka shi ke nan. Bayan haka ita ta zaunar da ni ta koya mini boko, baƙaƙen da nake rubutu da su yanzu nata ne. Muka ƙara shekaru masu yawa tare, ba ta taɓa tayar da zancen famfo ba, ni ma na ji daɗin shirun. Da ciwo ya kama ta aka tafi da ita garinsu, na ce in ta dawo zan faɗa mata abin da ke raina. Ba ta dawo ba.

Yanzu ina unguwar Maisandari a gidan ɗana. Katangarmu ta fi raƙumi tsawo, da waya a samanta, kuma ban san abin da maƙwabciyata ke dafawa ba. Kwanan baya jikokina suka nuna mini irin wannan gwajin a wayar hannu, wani yana yi da hodar yin kek ta kanti da masara. Na san abin da Malama za ta ce. Ba za ta ƙwace wayar ba, za ta ce to kun gani, yanzu ku tashi ku yi, in bai yi ba ku gaya mini dalili. Amma akwai tunanin da ke hana ni sakewa. A zamaninmu maganata sai da ta yi mako tana tafiya da ƙafa, har wani tsoho ya sami damar tare ta. Da yau ne, a garin nan da ya ga abin da ya gani, kafin azahar maganar ta gama zagaye Maiduguri, kuma ban san ko za a jira kwalba ba.

Malama ba ta bar gida ba, ba ta bar fili ba. Ta bar mutane a Gwange, yanzu masu furfura, waɗanda in suka ga abin mamaki sai su matsa kusa su duba kafin su sa masa suna. Kaltume na cikinsu, kuma ita ce ta ce mini kwanon man shanu ba ya magana, Iya. Gaskiyarta. A gaban mutane na ɓata matar nan, ta bayan katanga na lallaɓa, wannan kuwa ba adalci ba ne. Don haka nake faɗa a nan inda kowa zai gani: Malama Saratu ba ta taɓa yin tsafi ba, ni ce na faɗi abin da ban sani ba. 'Ya'yanta, Yohanna da Rifkatu, ban san inda rayuwa ta kai ku ba. In wannan ya iso gare ku, uwarku ba ta ji wannan kalmar daga bakina ba, ku ku ji ta: ku yafe mini.