Hujin Kunnen Amatullahi

Ranar biki, in ka tsaya a bakin layinmu na New Bell ka dubi kunnuwan mata, to aikin mutum ɗaya kake kallo. Inna Sharifa ce ta huda su, har da nawa. A nan Duwala aka haife ta, kakanta ne ya zo daga Kano da fataucin goro ya ƙi komawa. Da safe makala, wato fanke, take soyawa a ƙofar gida, amma ba da makala aka san ta ba. Da an haifi mace, tun kafin suna za a aika mata, daga Kassalafam har tsallaken gada, Grand Hangar da Sodiko.

Kayan aikinta ba su cika tafin hannu ba: allura, baƙin zare, kwalli da ɗan man kaɗe. Sai ta yi ta murza fatar kunnen jaririya da yatsu biyu har ta yi laushi, ta ɗiga kwalli a inda za ta huda, ta gasa allura a wuta, ta yi bismillah. Kafin uwa ta gama runtse ido an wuce wurin. Faɗa kuwa, ba a magana. Uwar da ta fara hawaye sai ta sha tsawa: "Riƙe ta da kyau, ke! Ɗan hujin nan ne zai kashe ta?"

Daga baya wata rawar hannu ta fara mata a hankali. Da fari shayi ne ke zuba in ta ɗaga kofi, daga baya zare ya ƙi shiga allura sai an sa mata. Wata safiya a Kassalafam ta ɗora allura a kan ɗigon kwalli, hannu ya fizge, ta karci wuyan jaririyar mutane. Ciwon bai kai ya kawo ba, amma Inna ta naɗe kayanta ta hau bensikin, wato acaɓa, ta dawo gida. Daga ranar ta ajiye allura.

Mutanen unguwarmu kuwa, Allah ya shirye mu, kowa ya zama likita. Wannan ta ce iska ce, waccan ta ce sammu ne, wani tsoho ya ce zafin kaskon suya ne ya dafa mata jijiya. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an haɗiyi ƙwayoyin asibiti har suka daina aiki. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne matan da ta huda wa kunne da hannunta, su ne suka fara janye 'ya'yansu in ta miƙa hannu za ta ɗauka. Huji kuma ya koma farmasi, inda ake harba ɗan kunne da wata 'yar bindiga, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a biya a yi godiya.

Ɗanta Sadiƙ ma'aikacin jinya ne a Faransa. Shi ya zo ya zaunar da ita ya ce akwai aikin da ake yi wa irin wannan ciwo. Za a huda ƙoƙon kai, a zura wata siririyar waya can cikin ƙwaƙwalwa inda rawar ke tasowa, a haɗa ta da ɗan batir da za a binne a ƙarƙashin fatar ƙirji. Wutar da batirin ke aikawa kaɗan-kaɗan ita ke kwantar da hannun. Bai ɓoye mata ba cewa ciwon ba zai warke ba, danne shi za a yi, kuma idonta biyu za a yi aikin.

"A huda mini kai ina kallo? Jamais!" in ji Inna.

'Yarta Balkisu, wadda ke da ƙaramin ciki a lokacin, ta ce, "Haba Inna, ɗan hujin nan ne zai kashe ki?"

Duk ɗakin aka fashe da dariya, ban da Inna, wadda ta bi ta da harara. Amma ta yarda.

Neman takardun tafiya da gwaje-gwaje suka ci watanni. Inna na can Faransa Balkisu ta haifi mace, aka sa mata Amatullahi. Nan fa rigima ta tashi, don Balkisu ta rantse babu mai taɓa kunnen 'yarta sai Inna. Dangin miji suka yi faɗa, ƙawaye suka yi lallashi, ta toshe kunne. Yarinya ta yi ta girma da kunne fayau. A kasuwa mata su leƙa bayan Balkisu su ce, "C'est un garçon?" ta amsa da cewa mace ce, kakarta take jira. Wasu suka ce da ita a fuska, in aikin bai yi ba fa? Sai ta shiga ɗaki ta yi kuka. Duk wannan labari yana isa kunnen Inna ta waya.

Yadda ta ba mu labarin aikin, sai da muka riƙe ciki. An aske mata kai ƙwal, an ɗaure shi cikin wani ƙarfe yadda ko gyaɗawa ba ta iyawa. Ta ce likitan ya burge ta da abu ɗaya: sai da ya ɗiga alama kafin ya huda, kamar wanda ya sami tarbiyya. Zafi babu, ƙarar injin ce kawai ta cika mata kai, ita kuma tana ta salati. Can likitan ya ce, "Maman, levez la main." Ta ɗaga hannun dama, yana ta kaɗawa yadda ya saba. Aka taɓa wani abu. Hannun ya tsaya cak a sama. Ta ce ta daɗe tana kallonsa kamar na wata, har aka ce ta sauke ta ƙi.

Bayan an kunna batirin sai da aka yi ta saiti, don da an ƙara wuta harshenta ke nauyi, da an rage rawa ta dawo. Har yau in ta gaji maganarta na ɗan jan ƙafa, wanda wasunmu ke ganin rahama ce ga unguwa.

Ta dawo cikin damina, ruwa ya cika layi har idon sawu. Amatullahi ta riga ta fara rarrafe, ga ƙarfi ga ƙiriniya, ba irin jaririn kwana bakwai ba da ke kwance lakwas. Washegari da hantsi tsakar gidan ta cika da mata, rabinsu sun zo taya murna, rabi sun zo ganin ƙwaƙwaf, kuma na san kowacce da sunanta.

Inna ta sa zare a allura da kanta, aka yi guɗa. Ta murza kunnen, ta ɗiga kwalli, Balkisu ta matse yarinyar a cinya. Allura na kusantar kunne sai hannun ya soma rawa. Balkisu ta ce, "Inna, a bari sai gobe."

Inna ta dubi hannun, ta juya shi, sannan ta yi murmushi.

"Ba ta ciwon ba ce. Waccan na san ta sarai. Wannan tsoro ne, jikata ce a gabana."

Ta ja numfashi, ta yi bismillah, hannun ya nutsu. Allura ta shige tsakiyar ɗigon kwalli, baƙin zare ya biyo ta. Kafin Amatullahi ta gama tattara ihun farko an juya ta an yi na biyun. Gida ya kaure da guɗa, ni ma ban san lokacin da na buɗe maƙogwaro ba.

Balkisu na rungume da 'yarta, hawaye shaɓe-shaɓe. Muka zuba ido muna jiran tsawar da aka saba. Maimakon tsawa, sai Inna ta kai hannun daman nan ta share wa 'yarta fuska.