Ranar da Na Ɗauki Tukunyata Zuwa Salaga

Shekarun baya can, lokacin muna zaune a ɗaki ɗaya a Nima, zamana da mijina ya koma ba faɗa, ba daɗi. Shi direba ne a gidan wani ɗan kasuwa a Kokomlemle, ni kuma ina sayar da wache, shinkafa da waken nan tamu, a bakin titin Maamobi. Zai fita ina gaban murhu, ya dawo na gaji liƙis. Maganarmu duk ta bakin yara take bi. "Je ka tambayi uwarku ina hulata." "Ce wa babanku abinci na nan a rufe." Alhali labule ne kawai tsakaninmu.

Wani yammaci ya shigo, bai aiko yaro ba, ya tsaya a kaina ya ce, "Ki shirya kayanki. Jibi zan kai ki Salaga."

Salaga garinmu ne. Can aka ɗaura mana aure, goggona da ta riƙe ni ma tana can. Ba biki, ba rasuwa, ba Sallah. A Zongo kuwa, wato unguwanninmu na Hausawa, in namiji ya ce mace ta haɗa kaya zai kai ta gidansu, kowa ya san abin da ake nufi. Ni ma na sani, amma bakina ya ce, "To."

Na garzaya wurin maƙwabciyata na faɗa mata. Ta dafe ƙirji ta ce, "Ei, 'yar'uwa! Mazan nan ba su da kirki koraa, ko kaɗan. Kar ki bar mai ko cokali!" Ni kuma sarkin wayo na bi shawararta. Na naɗe zannuwana, na tattara kwanukan aurena, har da ƙatuwar tukunyar wachen. Na ba maƙwabciyar amanar yara, na shiga bayi na sha kukana.

A tasha mijina ya dubi tukunyar, ya dube ni, ya buɗe baki ya rufe. Haka muka wuce Kumasi, muka isa Yeji inda ake hawa jirgin fito, ba wanda ya ce uffan. Nan ya saya mini soyayyen kifi, na ce a raina wannan na bankwana ne. Na cinye kuwa, don ni baƙin ciki bai taɓa hana ni ci ba.

Goggo ta tarbe mu da murna, amma da ta ga ana sauke kwanuka sai fara'arta ta ɗauke. Ta ja ni gefe ta ce, "Ke, lafiya kuwa?"

Washegari da hantsi mijina ya ce in zo mu je. Na yafa mayafi na bi shi, na tabbata gidan liman za mu. Sai ya ratsa da ni ta tsohuwar unguwa, inda rijiyoyin nan na tun zamanin fataken goro suke birjik, ya tsaya a bakin wata da gefenta ya zube.

"Kin tuna nan?" in ji shi. "Nan na roƙe ki ruwa ina yaron mota, kika ce ba don 'yan lori kika ɗebo ba."



Ya sosa ƙeya ya ce, "Watan nan aurenmu ya cika shekara ashirin. Kwanaki maigidana ya kai madam Cape Coast, wai anibasari, murnar zagayowar ranar aure, haka suke yi. Ni na tuƙa su. Ina jin su a baya suna ta dariya kamar yara. Sai na ce ai ni ma ina da mata."

Na zauna daɓas a kan wani dutse. Na ce, "Malam, wato ba sakina za ka yi ba?"

"Saki? Subhanallahi! Ma'anar tukunyar ke nan? Wallahi na ɗauka goggo za ki dafa wa wache!"

Dariya ta ƙwace mini, kuka ya biyo ta, na rasa wanne zan fara. Shi kam bai yi dariya ba. Ya ce a hankali, "Ashe haka kika ɗauke ni?"

Na ce, "Ka taɓa gaya mini yadda zan ɗauke ka?"

Ya daɗe yana kallon rijiyar, sannan ya ce, "To, matsa in zauna." Muna nan muna hira har aka kira azahar. A ranar na san ciwon baya na damunsa, shi kuma ya san hayaƙin itace ya fara taɓa mini ido.

Har yau in na tuna sai in yi hamdala, amma akwai abin da ke sa tsigar jikina tashi. Duk tsawon hanyar nan kafaɗata na gogar tasa, ban iya cewa "Me na yi maka?" ba. Da sakin ne da gaske, da na karɓa na ce "To." Yanzu kam mun tsufa, kullum yana ƙorafin na cika tambaya. Ya yi ta yi, ba zan daina ba.