Lambar da ke Hannun Rabeka

Duk wanda ya taɓa sayen tumatir a bakin tashar Acornhoek, nan Afirka ta Kudu, ya san Rabeka, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar nan da ba ta rabo da riga mai dogon hannu, ko a tsakiyar Disamba, lokacin da zafi ke kora karnuka ƙarƙashin motoci. Matan tasha sun yi mata tsiya har sun gaji. Wasu suka ce tabon ƙuna take ɓoyewa, wasu suka ce dokar cocinsu ce. Ita dai sai ta ƙara wa mai saye gyara, ta ce jininta ne ba ya son iska.

Ba jini ba ne, lamba ce. Mu da aka haifa a wannan ɓangare, a dantse aka yi mana allurar rigakafi, can sama kusa da kafaɗa. Mutanen Mozambik kuwa a sangalin hannu aka yi musu, inda ko makaho ya shafa zai ji. Harshenmu ɗaya da su, Shangan muke yi su ma shi suke yi, tuwon masararmu ɗaya, har sunayen dangi ma sun sarƙe. Ɗan sanda ya rasa yadda zai raba mu, sai ya koyi cewa, "Naɗe hannun rigarka." Wannan kaɗai ya ishe shi.

Rabeka tana budurwa ta tsallako, lokacin yaƙin ƙasarsu. Da ƙafa suka ratsa dajin namun daji, ita da mutanen ƙauyensu na wajen Magude, kuma ba duka suka iso ba. Ba ta ba da wannan labari, mu ma ba mu tambaya. Mai unguwa ya yanka musu fili a bayan gari, ta kafa bukka, daga baya ta auri Armando Ubisse, wani ɗan ƙasarsu siriri mai aikin tsinkar lemo a gonar Turawa.

An yi wata shekara da gwamnati ta ce duk wanda yaƙi ya koro ya zo a ba shi takardar zama. Sai raɗe-raɗi ya zaga bayan gari cewa tarko ne, ana rubuta sunanka mota na jiranka a baya. Wasu suka yi ƙundunbala suka je, suka dawo da katinsu. Rabeka da Armando suka zauna a gida. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu. Kafin su gane cewa gaskiya ce an rufe ƙofar.

Armando ranar biyan albashi aka kama shi. Aka naɗe masa hannun riga a bainar jama'a, aka sa shi jirgin ƙasa zuwa kan iyaka. Ya sake ratso dajin ya dawo, aka sake kama shi, daga nan shiru. Ya bar Rabeka da yarinya mai tatata, sunanta Nyeleti, wato tauraruwa. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ganin hannun Rabeka tsirara.

A kan tabarma aka haifi Nyeleti, a cikin bukka, kuma maƙwabciyarsu Salfina Mnisi ce ta yanke cibi. Salfina 'yar asalin nan ce, mijinta ya daɗe da mutuwa, ga jiki ga murya, irin matan da in suna raɗa ana jinsu a gida na uku. Ita ta goya jaririyar zuwa asibitin sha-ka-tafi, aka yi mata allura a dantse. Rabeka ta daɗe tana kallon wannan ɗan ƙurjin. A ganinta an gama, yarinya ta zama 'yar ƙasa.

Makarantar firamare ta karɓe ta da katin asibiti, sakandare ma ta kau da kai. Yarinyar kuwa kai gare ta, abin har ya zama abin haushi ga 'ya'yan malamai. Da sakamakon jarrabawar ƙarshe ya fito, ba wanda ya kamo ƙafarta a duk yankin. Jami'ar da ke wajen Polokwane ta ba ta gurbin karatun haɗa magunguna. Abu ɗaya ya rage, ta rubuta lambar katin ɗan ƙasa, ƙwaya goma sha uku, wadda ba a rajista sai da ita, ba a kuma samun tallafin karatu na gwamnati sai da ita. Ta je ofishin da ake bayarwa, aka ce ta kawo takardar haihuwa. Ta ce a gida aka haife ta. Aka ce to ta zo da mahaifiyarta da katin mahaifiyar.

Haka lamba ta tsare su ta gaba ta baya. Uwa na da wadda take ɓoyewa, 'ya ta rasa wadda ake nema.

Shekara guda Nyeleti ta yi tana jera tumatir a gefen uwarta. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. In tsoffin 'yan ajinsu sun sauko daga mota lokacin hutu, da jakunkuna da sabon salon magana, sai ta sunkuya ta kama tsince ruɓaɓɓu. Rabeka tana gani, kuma abin yana cin ta ƙwarai. Jami'ar ta ce za ta riƙe gurbin zuwa Janairu mai zuwa, daga nan sai a ba wani.

Salfina ce ta kawo maganar, wata ranar Lahadi bayan coci, tana zaune tana ɓarar gyaɗar da za a zuba a miyar ganyen rogo.

"Maman Nyeleti, ki ba ni yarinyar nan."

"In ba ki ita ki kai ta ina?"

"Ofis mana. In ce ni na haife ta. Ƙarya ce? Wa ya fara ganin fuskarta, ni ko ke? Ke ai kina can kina ihu kina kiran uwarki."

Rabeka ta ce, "Takardun makarantarta duk Ubisse aka rubuta."

"Sai in ce ubanta Ubisse, wani ɗan Mozambik da ya yaudare ni ya gudu. Ba aure, don haka sunan gidanmu za ta ɗauka." Salfina ta watsa gyaɗa a baki ta yi tsaki. "Ki duba fa abin da zan rantse a kai. Ni, da girmana, da wannan mijin naki mai kama da tsinken tsire! In Mnisi ya ji daga kabari sai ya sake mutuwa."

Rabeka ba ta yi dariya ba. Ta tambaya, "In an rubuta, ana gogewa?"

"Ba a gogewa. In aka goge ni ce a kurkuku, ita kuma a tasha. Ki yi tunani, 'yar'uwa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Rabeka ba ta daɗe tana tunanin ba, don ba wata hanyar. Abin da ya dame ta daban ne, kuma duk Bashangane zai gane. Ba a kai yaro wani wuri ba a gaya wa kakanni ba, su kuma kakanni da sunan dangi suke gane nasu. Da safiyar ranar da za a je ofis ta durƙusar da Nyeleti a gindin itacen marula na tsakar gida, ta barbaɗa garin taba a ƙasa, ta tafa hannu a hankali.

"Ku na gidan Ubisse," in ji ta, "ga 'yarku za ta tafi neman karatu. Za ku ji ana kiran ta Mnisi. Kada ku juya baya ku ce ba ku san ta ba. Aron suna muka yi, kamar yadda ake aron tukunya ranar biki. Taku ce."

Ta raka Salfina da Nyeleti har garin da ofishin yake, amma ba ta shiga ba. Ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da jakar Salfina. Aka yi tambayoyi, Salfina ta rantse, ta ƙara da zagin Armando fiye da yadda aka nema. Aka ce yarinya ta nuna dantse, ta nuna. Da suka fito, ma'aikacin ofishin ya biyo su zai sha iska, ya ga mace tsaye cikin rana da dogon hannu ta ƙura wa yarinyar ido.

"Wannan fa?"

Nyeleti ta ce, "Maƙwabciyarmu ce."

Daidai ta faɗa, yadda aka koya mata, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Rabeka ta ji daɗin cewa ba ta yi kuskure ba, ta kuma ji zafin yadda maganar ta fito ba gargada. A mota Salfina ce ta yi ta surutu ita kaɗai har suka iso.

Kati ya fito ana saura kaɗan a rufe rajista. Nyeleti Mnisi ta tafi jami'a. Duk wata takarda da ta zo daga can da sunan Salfina take zuwa, ita kuma sai ta tsallako da ita ta miƙa, ta ce, "Ga saƙon 'yata, ki karanta mini, idona ba ya gani." Dukansu biyu ba su iya karatu ba. A bayan gari dai ba wanda ya fasa cewa Maman Nyeleti, kuma Rabeka ake nufi.

Ranar yaye ɗalibai a ƙasar nan ta iyaye mata ce. Ana kiran sunan ɗanki sai ki miƙe ki rangaɗa guɗa, ki bi shi da kirarin danginsa tun daga kakan kakansa, zaure ya amsa miki. Rabeka ta iya guɗa, a bikin 'ya'yan mutane ana jin ta har tasha. Kirarin Ubisse ne ba ta taɓa faɗa da ƙarfi ba, don a cikinsa akwai sunayen koguna da garuruwan can. Da lokacin ya matso ta yanke shawarar za ta faɗe shi, kome ta fanjama fanjam. Sai ta riƙa bitarsa a gona, tana noma tana jera shi ga masara. Ta kai wa tela atamfa ta ce dogon hannu. Shi kuma gwanin, don ya burge ta, ya yi mata hannu mai faɗi irin na yayi.

Kujera biyu aka ba kowane ɗalibi. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, Salfina da ƙaton ɗankwali, Rabeka da hannayenta a cinya. Aka yi ta kiran sunaye, mata na tashi suna zama. Da aka zo kan masu haɗa magunguna, Salfina ta sunkuyo.

"Ni fa yau bakina a rufe yake. Na yi rantsuwa, na ci zagi, na haifi 'ya da tsinken tsire. Wannan kam aikinki ne."

"In wani ya ji fa?"

"Ya ji mana! Ranar wanka ba a ɓoye cibi."

Aka kira, "Nyeleti Mnisi."

Rabeka ta miƙe. Ta ja numfashi, ta ɗaga hannun hagu zuwa baki yadda ake yi, sai faffaɗan hannun rigar ya zame har gwiwar hannu. Iska ta taɓa wurin. Ba ta yi shawara da kowa ba, ko da kanta, ɗaya hannun ya kai cafka ya ja rigar ƙasa, idonta ya zaga dama da hagu yana neman mai kaki. Ba mai kaki a zauren, ba kuma wanda ke kallon ta, kowa na kallon nasa. Kafin ta juyo, Nyeleti ta karɓi takardarta ta sauka ta ɗaya gefen, an kira wani yaro, wata mata a baya ta ɓarke da guɗa.

Ta ɗan jima a tsaye, sannan ta zauna. Salfina ta dube ta, ta kau da kai.

A waje aka yi hotuna. Nyeleti ta cire hular ta ɗora wa uwarta, ta rungume ta, ta kira ta uwa da Shangan, ta ce a kunnenta, "Mhani, na tsaya ina saurare. Ban ji muryarki ba."

Rabeka ta gyara mata wuyan riga. Ta ce, "Hayaniya ce ta yi yawa."

Yanzu Nyeleti tana aiki a wani asibiti a Nelspruit, ta rushe bukkar ta gina wa uwarta ɗaki biyu da rufin kwano. Ta ce ta bar tumatir ta huta, Rabeka ta ƙi. Hoton ranar yana rataye a bango, su uku, Salfina ta cinye rabinsa. Rigar kuwa Rabeka ta mayar wa tela washegarin bikin, ya tsuke hannun ya sa maɓalli.