Kafin ruwan farko

A garinmu barewa ba ta saukowa fadama sai ƙarshen bazara, lokacin da tafkunan daji suka ƙafe. Da zarar an yi ruwan farko sai ta watse, maharba su rataye bindiga. Babana maharbi ne. Yana da 'yar jakar toka a aljihu. Sai ya ɗebo ya saki, ya ga inda iska ta nufa, ya bi ta inda barewa ba za ta ji warinsa ba.

Ranar da zan taho Doha aikin gadi ya ce mini, "Gwiwata ta kusa ƙarewa. Farauta ɗaya ta rage mini, kuma da kai zan yi ta."

Shekarar farko korona ta rufe hanya. Ina zaune a ɗakinmu na unguwar Bin Mahmud, mu shida kamar kifin gwangwani, saƙon muryarsa ya shigo: "An yi ruwa." Bai ƙara komai ba. Shekara ta biyu ma haka. Ta uku aka ce Gasar Kofin Duniya ta gabato, ba mai zuwa hutu. Na wuni a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib ina nuna wa baƙi hanya, ana ta yalla yalla, wato maza-maza, ni kuwa zuciyata tana fadama. Kewar tsohon nan ta dame ni ƙwarai.

Bayan gasar, sai da bazara ta zo aka ba ni hutu. Na duba hasashen yanayi a waya, ya nuna ba ruwa a yankinmu nan kusa. Baba ya kira ni.

"Ka taho makon nan. Iska ta juya, tururuwa na kwashe ƙwai."

"Baba, waya ta ce da saura."

"Wayar taka ta taɓa farauta?"

Na yi dariya, na ƙara kwana goma don in gama sayen tsaraba. Ni da wayona!

Ina sauka daga mota a bakin kasuwarmu ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tarye ni. Na sami Baba a zaure, ya riga ya shafa wa bindigar mai ya naɗe ta a tsumma. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce sannu da hanya, ya miƙo mini jakar tokar.

Tana aljihun kayan aikina har yau. Wani lokaci a bakin ƙofa nakan ɗebo kaɗan in saki, in ga ta ina iska ke tahowa. Baba yanzu ko masallaci sai an riƙe shi.