Tasalla da Ƙarfen Iyaka

Har yau in tsofaffin unguwarmu a Illela suka ji mace tana ɗaga murya a kan kaza, sai wani ya ce, "To, Tasalla ta dawo," a fashe da dariya. Ni ba na taya su. Tasalla kakar mahaifiyata ce, kuma abin da aka yi mata ba abin dariya ba ne. Masu ce mata mahaukaciya sunan kawai suka gada. Ni daga bakin 'yarta Zuwaira, wato kakata, na ji labarin, kuma ba ta taɓa kai shi ƙarshe ba tare da ta tofar da goron bakinta don haushi ba.

A Tozai aka haifi Tasalla. Aure ya kawo ta Illela, gidan Attahiru, wani falke mai jakuna da ke ɗauko gishiri da kanwa daga Konni. Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, sai dai sanyinsa ya yi yawa. Ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya yi shawara kafin ya kore shi.

Cikin kayan da aka raka Tasalla da su akwai kaza. A gidansu haka ake yi: uwa takan ba 'yarta kaza ranar tarewa, daga jinin kazar da ita ma tata uwar ta ba ta. Ba a saye, ba a aro. Irin nasu durgu ne, wato masu gajerun ƙafafu, jajaye, ga ƙwai ga iya kwanci. Aibinsu ɗaya, ba su da gudu. Wannan amana Tasalla ta riƙe shekara da shekaru, tana jiran ranar da za ta ɗora ta a hannun Zuwaira.

Gidan Attahiru shi ne na ƙarshe ta arewa. Bayan danga sai fili, sai wani ɗan kududdufi da agwagin Tasalla ke wanka da damina. Wuri ne da duk mai hankali zai ce ba a kiwon kaji, saboda tsuntsayen sama. Amma ita ta san abokan gabanta sarai. Shirwa, in ji ta, ɓarauniya ce mai garaje: tana shawagi, inuwarta na tona mata asiri, zakara ya yi ƙara, kowa ya ruga. Shaho ne mugun. Shi ba ya wahalar da kansa. Wuri mai tsawo yake nema ya zauna shiru, ya ƙura ido har kaji su manta da shi, sannan ya faɗo.

Saboda haka ta yi abu biyu. Ta sa Attahiru ya sare duk wani busasshen reshe mai tsawo da ke kusa da gidan, don kada shaho ya sami kujera. Sannan ta shuka magarya da sarƙaƙiya a bayan danga. Ba ta bar su su miƙe ba. Da reshe ya yi tsawo sai ta lanƙwaso shi ta danne da dutse, har ƙayar ta zama wata rumfa mai faɗi, ƙasa-ƙasa, wadda kaza za ta shige amma tsuntsun da ya buɗe fukafukai ba zai iya ba. Hannayenta duk tabon ƙaya ne. 'Yan tsaki kuwa da 'ya'yan agwagi, da sun yi ƙwari sai ta tsoma su a ruwan baba su yi duhu, don kada haskensu ya kira ido daga sama. Maƙwabta suna asarar rabin ƙyanƙyasa, ita sai damina ta wuce ba ta rasa ko ɗaya ba. A lokacin babu mai ce mata mahaukaciya. Zuwa ake yi roƙon ƙwai.

Sai Nasara suka ci ƙasa. Bayan 'yan shekaru aka ji wai za su raba ta tsakaninsu, wannan gefe na Ingilishi, wancan na Faransa. Wata safiya ga su nan a bayan gidan Attahiru da 'yan dako, sun kafa wani abu mai ƙafa uku suna leƙawa. Tare da su akwai Lawwali, yaron mai gari, saurayi mai rawar kai wanda tun zuwan Nasara tafiyarsa ta sauya. Aka ce rumfar ƙayar Tasalla ta tare musu gani. Kafin ta sauke tukunya daga murhu, gatura sun fara aiki.

Ta fito da muciya a hannu.

"Lawwali! Mi ƙayata tay yi muku?"

"Inna, ki koma ciki. Umurnin Annasara na."

"Annasara shi ka kiwon kajina? In kunka sare ta ina za su ɓoye?"

"Kaji!" in ji Lawwali, ya juya yana dariya don 'yan dako su taya shi. "Ana rabon ƙasa, ke kina zancen kaji."

Aikin shekarun aurenta duka, kafin azahar sun tara shi sun cinna wuta. Wannan kaɗai ya isa a yi kuka. Amma ba su tsaya nan ba. A daidai gurbin ƙayar suka haƙa rami, suka kafa wani dogon ƙarfe, ya fi tsawon mutum biyu, da ɗan faranti a samansa. Suka ce shi ne iyaka. Lawwali ya bi gida-gida yana shela cewa duk wanda ya taɓa shi sai kurkuku a Sakkwato.

Ku tsaya ku ji amfanin ƙarfen nan. Bai hana jaki wucewa ba. Bai hana ɓarawo ba. Mutanen Konni ba su fasa zuwa suna da biki ba, mu ma ba mu fasa ba. Duk faɗin ƙasar nan mai rai guda ne ya ci moriyarsa. Nasara ba su gama naɗe tantinsu ba shaho ya sauka a kan farantin, ya gyara zama, yana kallon tsakar gidan Tasalla kamar an shimfiɗa masa tabarma.

Ya fara da 'ya'yan agwagi a hanyar kududdufi. Ya koma kan 'yan tsaki. Rinin baba bai hana komai ba, don daga inda yake ko ƙwayar gero yana gani. Da ƙanana suka ƙare sai ya shiga 'yan matan kaji, su kuwa durgu ina ƙafar gudu? Ta gwada kulle su a akurki, zafi da ƙuma suka fara kashe su. Ga shi an sa ranar Zuwaira bayan kaka.

Ta je wurin Lawwali, ta durƙusa wa yaron da ta ga ranar sunansa. Ba ta ce a tuge ƙarfe ba. Cewa ta yi a bar ta ta ɗaura reshen ƙaya ɗaya a samansa, don shaho ya rasa wurin sa ƙafa.

"Inna, ba a taɓa shi."

"To kai ka ɗaura min."

"Ni? In sa ma kayan Annasara ƙaya? Kina son a ɗebe min kai?"

Ta dawo ga mijinta. Attahiru ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar jaki.

"Ki yi haƙuri, Tasalla. In sun ƙare sai in sawo miki wasu Konni."

"Malam, kazar innata za ka sawo min kasuwa?"

Shi ma ya san ba a saye.

Daga nan ta ɗauki tabarma da gora mai tsawo da majajjawa, ta tare a gindin ƙarfen. Can take kaɗi, can take tsince wake, rana na dukanta. Shaho ya taso, ta miƙe da ihu da jifa. Ta shiga gida duba tuwo, ya dawo. Masu wucewa kasuwa suka ga mace da furfura tana zagin sama, suka sa mata suna. Wasu su ce mahaukaciya, wasu su ce dogarin Nasara. Matan da suka sha cin ƙwanta su ne kan gaba wajen dariya, kuma jikokinsu ne ke yi yau. Na san gidajensu ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka garken ya ƙare, saura uwar kaza ɗaya da tsohon zakara. Ranar da kazar ta fara kwanci a kan ƙwai, Tasalla ta ce abin ya isa. Attahiru ya tafi Konni. Ta jawo tsanin rumbu da tsakar rana, kowa na gani, ta jingina shi da ƙarfen Nasara, ta hau da dami na ƙayar magarya, ta ɗaure shi tam a kan farantin. Shaho ya zo ya yi ta kewaye, ya rasa masauki, ya tafi. Sama ba ta faɗo ba. Ƙasar Ingilishi ba ta zube cikin ta Faransa ba. Kwana da kwanaki gidan ya sami lafiya, har Zuwaira ta ce ta ji uwarta tana waƙa a bakin turmi.

Sai labari ya zo cewa wani Bature na tafe rangadi, zai duba alamun iyaka. Lawwali ya iso a guje, ya ga ƙaya, ya ɗora hannu a ka. Ya sa aka hau aka yar da ita. Da Baturen ya zo ya tarar da tabarma da gora a gindin ƙarfe, ya tambaya ta bakin tafinta. Kun san abin da Lawwali ya ce? Wai shi ya sa tsohuwar nan gadi, dare da rana, don kada a taɓa kayan gwamnati. Bature ya ji daɗi, aka ba Lawwali riga.

Ai da ya tsaya nan da sauƙi. A wancan zamani in Bature ya sauka, gari ne ke ciyar da shi. Lawwali ya ce tunda Tasalla ta yi laifi, kazar abincin dare daga gidanta za ta fito. Akwai kaji a kowane gida na Illela. Nata ya zaɓa. Ya shiga har akurki ya ɗago uwar kazar daga kan ƙwanta.

"Lawwali, kwanci takai. Ka ɗauki zakaran. Ka ɗauki agwagwa. Ka ji tsoron Allah."

"Kaza anka ce, Inna."

Ya fita da ita a rataye, kai ƙasa, gajerun ƙafafunta a cikin tafinsa.

Zuwaira ta ce ta zaci uwarta za ta bi shi da taɓarya. Ba ta ko dube shi ba. Ta durƙusa ta kwashe ƙwan tun da ɗuminsu, ta zuba a cikin zanenta, ta nufi bayan rumbu inda wata agwagwa ke nata kwancin. Agwagwar ta yi huci ta sassare ta a hannu. Tasalla ta cire wasu daga ƙwan agwagwar, ta jera na kazar a ƙarƙashinta, ta zauna gefe har ta ga ta lafa. Agwagwa ba ta san ɗan wani ba, abin da ke ƙarƙashinta nata ne. Sai dai dole a tsare, don in ta ƙyanƙyashe ruwa za ta nufa da su. Tasalla ta tsare. Yawancin ƙwan sun lalace, nauyin agwagwa ya fasa wasu. Biyu suka fito. Ɗaya ya mutu kafin ya bushe. Ɗayar mace ce, ja, da 'yan ƙafafu kamar an guntule.

A cikin ɗaki ta rene ta, cikin ƙwarya, da tsakin gero da gara. Ranar tarewa Zuwaira ta fita da 'yar budurwar kazar da ko rana ba ta sani ba. 'Yan rakiya suka yi ta ƙus-ƙus, wai wannan ce kazar da aka yi ta haukan a kanta. Tasalla ta ji su sarai.

Da damina ta zagayo, ta fita da 'ya'yan sarƙaƙiya a ƙullin zane, ta binne su kewaye da gindin ƙarfen. Wannan karon ba ta lanƙwasa reshe ko ɗaya ba. Ruwan wanke-wanke duk can take kai shi. Sarƙaƙiya kuwa in ta sami abin kamawa hawa take yi. Shekara ta bi shekara, ƙaya ta naɗe ƙarfen, ta kai farantin, ta rufe shi ruf. Shaho ya sauya unguwa.

Lawwali ya zo, sanye da rigar nan tasa ta lada.

"Inna, wa yat taɓa ƙarhen Annasara?"

"Ban taɓa shi ba, ɗana. Icce na yah hau abinai. In kana iyawa, sauko da shi."

Ya miƙa hannu, ƙaya ta kama hannun riga. Ya ja, ta kama kafaɗa. Ya fita da ƙyar, rigar ta zama tsumma, Tasalla na zaune tana kaɗi ba ta ko ɗaga kai ba.

Ta rasu ba da daɗewa ba, a shekarar babbar yunwa. Zuwaira ta ci tafasa da ganye a shekarar nan amma ba ta yanka durgunta ba. Jajayen kajin da ke tsakar gidana yanzu jininsu ne, kuma kowace 'yata ta tafi ɗakinta da ɗaya.

Akwai abu guda da Zuwaira ta ji daga bakin 'yan dako tun washegarin rangadin. Kukun Bature ya dafa kazar. Bature ya yanki loma ɗaya, ya ce ta tsufa ta yi tauri, ya tura wa karensa kwanon. Duk gidan sun sani, har Attahiru. Tasalla takan ce, ko ba komai dai kazar innarta ta ƙosar da baƙo. Har aka binne ta ba wanda ya iya gaya mata.