Wankan Inna ta Bande

Shekarar da na bar aikin jinya a Magariya na sayi izinin buɗe reshen wani kamfanin Yamai mai kula da tsofaffi a gidajensu. Suka aiko mini da tambari, da shuɗɗan riguna, da littafin dokoki da Faransanci, wanda ko waye ya rubuta shi bai taɓa ɗaga tsohuwa daga tabarma ba. Shafi guda cur a kan yadda ake murmushi.

Ban daɗe ba na gane masu sayen aikina. Ba tsofaffin ba ne, 'ya'yansu ne, masu son a wanke musu uwa amma kada unguwa ta ji an ɗauki bare. Na raina su tun lokacin, har yau kuma ban ga dalilin dainawa ba.

Wadda ta fi tsaya mini a rai wata Madam ce mai babban biro, wato ofis, a Damagaram. Uwarta, Inna, na kwance a Bande, ɓarin jikinta ya shanye, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai awa biyu a mota ba. Ta gindaya sharaɗi: ba rigar kamfani a titi, kuma duk mai tambaya a ce masa mai jinyar ɗiyar ƙanwar Inna ce daga Dungas. Ma'aikatana suka ce ba za su iya wannan ƙarya ba, sai na ɗauki aikin da kaina. Sau uku a mako nake hawa kabu-kabu. Kamfani kuwa sai ya ga hotona da riga a kowace ziyara, don haka a ƙuryar ɗaki nake sa ta, in ɗauki hoton, in tuɓe in cusa a jaka kamar kayan sata.

Duk Bande an san Inna ba ta da ƙanwa a Dungas. Amma maƙwabta suka riƙa tambayata mutanen Dungas, ina cewa lafiya lau, suna rufa wa tsohuwa asiri.

Kafin a kira ni, doguwar kwanciya ta riga ta ci bayanta. Na yi iya yina, gyambon ya ƙi rufewa. Ni kaɗai nake ganinsa, don sai ta sa an saki labule kafin in juya ta. Wata rana ina shafa mata magani ta kama hannuna da hannunta mai lafiya.

"Ɗiyata, ran da na tafi ke za ki wanke ni. Kada matan unguwa su ga bayana, su ce ɗiyar cikina ta bar ni na ruɓe."

Na yi mata alkawari. Na kira Madam na gaya mata, ta ce to, to, tana cikin taro ne.

Inna ta rasu da safe, ana tsakiyar yankan gero. Na ɗora ruwa, na tsinko ganyen magarya, na shirya komai. Kafin azahar Madam ta iso da baƙin tabarau, kukanta bai fara ba sai da ta ga an taru a ƙofar gida. Ta same ni da bokiti a bakin ɗaki ta tare hanya. A gaban mata ta ce aikina ya ƙare, wanka na dangi ne.

Wata tsohuwar maƙwabciya ta dube ta, ta ce, "Ashe ba ɗiyar ƙanwar tata ba ce?"

Madam ta yi kamar ba ta ji ba. Na matsa kusa, ƙasa-ƙasa na tuna mata wasiyyar uwarta. Ta karɓe bokitin daga hannuna, ta kira maƙwabta biyu don ita ba ta ma san ta inda ake farawa ba, suka shiga, ta saki labulen a fuskata.

Ina tsaye na ji lokacin da suka juya gawar. Salatin matan nan biyu ya fito har tsakar gida. Kafin sadakar uku babu gidan da labarin bai shiga ba.

Ban ji tausayin Madam ba ko na ƙwayar gero. Abin da ke cina shi ne ni na yi alkawarin, kuma ni na saki bokitin. Tun daga ranar, duk gidan da zan shiga, da shuɗiyar rigata nake sallama daga bakin titi.